Madubin saiti a kan bindigar farauta: wa yake wa amfani?

Bidiyon farautar Amurka ya cika wayoyi, kuma matasan mafarauta na Kakuri da Sabon Tasha da Gonin Gora suna kallo. Abin da ya fi jan ido a ciki shi ne ɗan madubin da ake ɗorawa a bayan bindiga, mai jan ɗigo a tsakiya, wanda maharbi ke dubawa kafin ya ja kunama ya kayar da talotalon daji. Daga nan sai tunani ya zo cewa duk bindigar da ba ta da wannan madubi ta tsufa. Tunanin bai tsaya da ƙafarsa ba. An ƙirƙiro wannan dabara ne domin wata matsala takamaimai, kuma yawancin farautar da ake yi a dazukan hanyar Kujama da Kachia ba ta da wannan matsalar.

Talotalon daji tsuntsu ne babba, namijinsa kan kai kilo 8 zuwa 10, kuma gashinsa yana da kaurin da ƙananan ƙwayoyin dalma ba sa ratsa shi sosai. Saboda haka kai da wuya ake nufa. Maharbi kan zauna ya jingina da bishiya, ya kwaikwayi kukan mace har namijin ya taho, ya tsaya, ya miƙa wuya. Domin ƙwayoyi da yawa su sauka a wannan ɗan wuri daga nisan kamar mita 35, sai aka riƙa matse bakin bututun bindigar ƙwarai, daga baya kuma aka kawo ƙwayoyin ƙarfen tangistan, wanda nauyinsa ya kai giram 18 a kowace santimita kubik, alhali dalma 11 ce da ɗoriya. Sakamakon haka, idan tsuntsun ya matso kusa, duka ƙwayoyin kan tafi a dunƙule, faɗinsu bai wuce na faifai ba. Bindigar da asalinta watsa ƙwayoyi take yi ta koma sai an saita ta daidai, kuma ɗan ƙullin ƙarfen da ke bakin bututu bai isa ba, domin da zarar kunci ya ɗan ɗaga daga ƙota harbin zai wuce ta sama. Jan ɗigo ya warware wannan: inda ɗigon yake, nan harbi zai sauka, ko da kai bai zauna daidai ba. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ne ya fara fitar da irinsa a 1975.

To, a dubi zabon daji da fakara. Ba sa tsayawa su miƙa wuya. Ko dai su zura cikin ciyawa da gudu, ko su tashi fir a gaban karnuka. Mai harbin tsuntsun da ke tashi idonsa biyu a kan tsuntsun suke, bindigar tana bin ido, ana ɗan gabatar da baki kafin a ja kunama. A nan watsuwar ƙwayoyi ita ce riba, kuma duk abin da ya ja ido daga tsuntsu zuwa bindiga asara ne. Madubi mai kusanto da nesa ya fi muni: yana ƙuntata abin da ake gani, ga shi farautarmu ta taro ce, mutane a jere, yara da karnuka a gaba. Wanda ya rufe ido ɗaya ya leƙa ta cikin bututun gilashi ba ya ganin ɗan'uwansa da ya shigo ta gefe.

Za a ce ai akwai masu kwanton ɓauna a bakin rafi ko gefen gona, suna jiran tsuntsu ya sauka, akwai kuma dattawan da idonsu ya fara rauni, ba sa iya haɗa ƙullin baki da abin harbi a gani ɗaya. Wannan gaskiya ne, kuma su ne madubin zai iya yi wa amfani. Irin waɗannan, jan ɗigo marar kusantowa ya kamata su nema, wanda ake dubawa da ido biyu a buɗe. A tabbatar an yi shi ne don bindiga mai ƙarfin shuri. Yawancin masu araha da ake sayarwa ta intanet na bindigar iska ne ko ta wasa, harbi kaɗan ke kwance musu ciki. Mai buɗaɗɗen gilashi ya fi sauƙin nauyi, amma ƙurar hunturu tana toshe wurin da hasken ke fitowa, don haka rufaffe ya fi dacewa da nan. Batir kuwa yana ƙarewa, kuma hasken ɗigon dole ya iya gogayya da ranar bazara. Wanda ya nace sai mai kusantowa, ya tsaya a mafi ƙanƙanta, ya bar tazarar kamar santimita 10 tsakaninsa da ido, in ba haka ba shurin bindiga zai fasa masa gira.

Wajen ɗorawa ne aka fi yin ɓarna. Bindigogin da aka yi don madubi suna zuwa da ramukan noti a samansu daga masana'anta, sai a kafa layin ƙarfe, a goge mai, a ɗiga maganin hana noti kwancewa, a ɗaure daidai ƙarfin da aka ƙayyade. A ajiye madubin ƙasa-ƙasa yadda kunci zai ci gaba da zama a kan ƙota. Tsofaffin bindigogi masu baki ɗaya ko biyu da ke hannun mafarautanmu ba su da waɗannan ramuka, harbi-ka-ruga kuwa ba a ma maganarta. Kudancin birnin Kaduna wuri ne na masu aikin ƙarfe, a Kakuri ne ma aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, kuma samun mai walda ko mai injin huda a Makera ba wuya. Wannan sauƙin shi ne haɗarin. Huda bututu ko yi masa walda yana raunana ƙarfe a daidai inda matsin albarushi ya fi yawa, kusa da fuskar maharbi. Ga kuma doka: Dokar Makamai ta 1959 ta sa lasisin irin wannan bindiga a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na harbi-ka-ruga a hannun Kwamishina, ta kuma hana gyaran bindiga sai a wurin da aka ba izini. A halin tsaron da Chikun da Kajuru suke ciki, bindiga mai madubi tana jawo wa mai ita tambayoyi a shingen bincike fiye da wadda aka saba gani.

Ko an ɗora da kyau, ba a san inda bindiga ke zuba ba sai an gwada a takarda. A kafa babban kwali a gaban tudun ƙasa, nesa da gidaje, a harba daga mita 20, a duba inda ƙwayoyi suka fi taruwa, a murɗa saitin har ɗigon ya hau wurin, sannan a ja baya a sake. Canza harsashi na nufin sake gwaji. Harbin kwalin kansa ya kamata ya riga sayen madubi, domin sau da yawa kwalin zai nuna cewa bindigar tana watsa ƙwayoyi da faɗin da babu madubin da zai ƙara mata komai, kuma bayan mita 30 tsuntsu rauni kawai zai ji ya tafi ya mutu a ciyawa.