Yadda ake auna zurfin teku

A ƙasar Arewa, in ana son a san zurfin rijiya, sai a ɗaura dutse ga igiya a zura. Da dutsen ya taɓa ƙasa, sai a jawo igiyar a auna ta da gaba. Rijiyoyin Dallol Mawri ba su da zurfi sosai. Na bisa tudu kuwa suna cin igiya da yawa.

Matuƙan jirgin ruwa su ma suna auna zurfi. In ruwa ya yi kaɗan, gindin jirgi yana kafewa cikin rairayi, ko ya bugi dutse ya fashe. Mutane su halaka, kaya su nutse. A kogin Kwara, wajen Gaya, mai kwalekwale yana gane zurfi da gorar da yake tuƙi. Amma gora ba ta isa ƙasan teku.

A da, matuƙa suna ɗaura dalma ga doguwar igiya. Suna shafa kitse a gindin dalmar. In sun jawo ta, sai su ga abin da ya manne: rairayi, ko laka, ko tsakuwa. Su ma da gaba suke ƙirga. Gabarsu ɗaya metir 1,83 ce. A shekarar 1875, wani jirgin Ingila mai suna Challenger ya auna metir 8 184 da igiya a tekun Pasifik. Aikin yana da wuya, yana kuma cin lokaci.

Yau da ƙara ake awo. Yaron da ya yi kira kusa da dutsen Dogondutsi yana jin muryarsa ta dawo. Wannan ita ce amsa-kuwwa. A shekarar 1913, wani Bajamushe, Alexander Behm, ya yi rajistar na'ura mai aiki da wannan dabara.

Na'urar tana maƙale a gindin jirgi. Tana aika ƙara zuwa ƙasa. Ƙarar ta bugi ƙasan teku ta dawo, na'urar ta ƙirga lokacin da ta ɗauka. Cikin ruwa, ƙara tana tafiyar metir wajen 1 500 a daƙiƙa ɗaya. In ta yi daƙiƙa 2 kafin ta dawo, ta yi tafiyar metir 3 000, zuwa da dawowa. Zurfin rabin haka ne: metir 1 500.

Wuri mafi zurfi a teku ya kusa metir 11 000.

Nijar ba ta da teku. Amma kaya da yawa na kasuwannin Dogondutsi da Tibiri, kamar sukari da shayi, cikin jirgin ruwa suka ƙetaro.

Tambayoyi

1. Don mi matuƙa suke auna zurfin ruwa?
2. Mine ne amfanin kitsen da ake shafa wa dalma?
3. Ƙara ta yi daƙiƙa 4 kafin ta dawo. Zurfin metir nawa ne?
4. Ku tambayi mai haƙa rijiya: rijiyar garinku gaba nawa ce?