Prester John: Daular da Turawa suka shafe kusan shekaru 400 suna nema

A wajajen shekarar 1165 wata wasiƙa ta fara zagaya fadojin sarakunan Turai. An ce wani sarki mai suna Prester John, wato Yohanna Limami, shi ne ya aike da ita ga Manuel, sarkin Rumawa da ke birnin Kustantiniyya.

Mai wasiƙar ya ce shi Kirista ne, daularsa tana can gabas bayan ƙasashen Musulmi, kuma sarakuna 72 ne ke biyansa haraji.

Masana tarihi dai sun yi ittifaƙi cewa wasiƙar jabu ce, kuma a Turai aka ƙirƙire ta.

Yadda ta kwatanta jama'ar ƙasar shi ne ya fi ɗaukar hankali. Babu matalauci a cikinsu, babu ɓarawo, babu maƙaryaci. Akwai koguna masu kwararo duwatsu masu daraja, da wata maɓuɓɓuga da ke tsare mai shan ruwanta daga tsufa. A gefe guda kuma ga mutane masu ƙaho, da masu ido ɗaya.

Sarauta da limanci duk a hannun mutum ɗaya suke. Manyan limaman coci ne ke masa hidima a fada, kuma idan ya fita yaƙi, manyan alamomin kuros na zinariya ne ke gaban rundunarsa. Ya kuma ce ya ƙudurta zuwa birnin Ƙudus da dakaru masu ɗimbin yawa.

A nan gizo ke saƙar. A shekarar 1144 Imaduddin Zangi ya ƙwace birnin Edessa daga mayaƙan Salibiyya, don haka Turawa na matuƙar buƙatar wanda zai ɓullo wa Musulmi ta baya. Kafin nan, a 1141, sarkin Kara Khitai ya ci Sarkin Saljuƙawa Sanjar da yaƙi kusa da Samarƙand. Ba Kirista ba ne, amma kafin labarin ya isa Turai an mai da shi Kirista.

Paparoma Alexander na Uku ma ya rubuta wa sarkin amsa a 1177. A 1221 kuwa, mayaƙan Salibiyya da ke Damietta a Masar sun yi murna da jin cewa wani sarki na tafe daga gabas. Ashe Janghis Khan ne.

Da aka rasa daular a Asiya, sai aka mai da ita Afirka. Habasha dai ƙasar Kirista ce ta haƙiƙa, sai dai wakilanta da suka halarci taron limamai a Florence a 1441 sun yi mamakin jin sunan da ake kiran sarkinsu da shi, domin su Zara Yakob suka sani.

Wannan bai hana 'yan Fotugal ci gaba da nema ba. Tawagarsu ta isa Habasha a 1520, kuma a 1541 sojojinsu kimanin 400 masu bindigogi suka sauka domin taimaka wa sarkin ƙasar a yaƙinsa da Imam Ahmad bin Ibrahim na daular Adal, wanda ya riga ya mamaye mafi yawan Habasha.

A farkon shekarar 1543 aka kashe Imam Ahmad a fagen dagar Wayna Daga, kusa da tafkin Tana, rundunarsa kuma ta watse.