Salansar ƙaramin jirgin wasa: wace walda ce ke jure zafi?

Injin ƙaramin jirgin sama na wasa bai wuce a riƙe shi a tafin hannu ba, amma yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti guda, kuma ƙararsa na iya cutar da kunne. Masana lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa daɗewa cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na raunana ji. A Birtaniya, ƙa'idar da aka shimfiɗa wa irin waɗannan jirage tun 1982 ita ce kada ƙararsu ta haura desibel 82 daga nisan mita 7. Saboda haka salansa ta zama wajibi, kuma idan ta kamfani ta fashe ko ba ta dace da jikin jirgin ba, masu wannan sha'awa kan ƙera tasu a gida.

A wajen haɗin ƙarfe ake yawan tuntuɓe. Dalmar da masu gyaran rediyo ke liƙa waya da ita tana narkewa tun daga digiri 183 na Salshiyos, don haka zafin hayaƙi da jijjigar inji kan warware ta nan da nan.

Mai aiki da tagulla ko baƙin ƙarfe ya fi samun sauƙi. Sandar liƙi mai azurfa, wadda ke narkewa sama da digiri 600, tana ba da haɗi mai ƙarfi. Illar wannan hanya nauyi ne. Haka kuma wasu tsofaffin sanduna na ɗauke da kadmiyom, mai hayaƙi mai guba, shi ya sa ake aikin a wuri mai iska.

Alminiyam ba shi da nauyi, sai dai yana da wuyar sha'ani. Yana narkewa a digiri 660, alhali ɓawon da iska ke haifarwa a bayansa sai ya haura digiri 2,000. Kuma ba ya yin ja kafin ya zube. Waldar TIG, wadda Russell Meredith ya inganta a kamfanin jiragen Northrop na Amurka a farkon shekarun 1940, ita ce maganinsa: iskar argon na kare haɗin, wutar lantarki mai kai-komo na fasa ɓawon. Wanda ba shi da wannan na'ura kan koma ga sandar tutiya da alminiyam mai narkewa a kusan digiri 400, bayan ya kankare wurin da burushin ƙarfe mara tsatsa.

Gwajin ƙarshe shi ne a toshe salansar, a hura mata iska cikin ruwa. A yawancin waɗannan jirage, matsin hayaƙin salansa ne ke taimakawa wajen tura mai daga tanki. Idan kumfa ya fito, akwai yoyo, kuma ƙaramin yoyo kan sa inji ya mutu jirgi yana sama, aikin watanni ya tarwatse a ƙasa.