Gidan Haya da Damina a Tsarnawa da Ƙasar Ƙonni

A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Maraɗi, da kuma a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, gidajen haya sun yawaita saboda malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar kan iyaka, kuma da yawa daga cikinsu ginin laka ne, wanda ƙarfinsa ya dogara ga gyaran da ake yi masa kowace shekara. Ruwan sama a wannan yanki yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, da yawansu ta hanyar rushewar gidaje.

Matsalar gidan haya ita ce mai shi ba ya kwana a ciki, mai kwana a ciki kuma ba nasa ba ne, don haka tsagewar da ɗan haya yake gani kullum ba ta isa kunnen mai gida sai ruwa ya shiga ɗaki. A lokacin kuwa gyara ya yi wuya, domin magina da leburori sun tafi gona, laka kuma ba ta bushewa.

Lokacin da ya fi dacewa da babban aiki shi ne bayan kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da tabkuna ba su ƙafe ba, ana samun ruwan kwaɓa ƙasa, tubali kuma yana bushewa a hankali ba tare da zafin bazara ya tsattsaga shi ba. A nan ne ake sabunta yaɓe, wato shafen laka da aka cuɗa da ciyawa wanda yake kare bango, a kuma duba azara, itacen giginya da ke ɗauke da rufin soro, ta hanyar ƙwanƙwasa ta, domin wadda gara ta cinye cikinta takan yi ƙara irin ta fanko alhali fuskarta lafiya lau. Gindin bango ya fi ko'ina bukatar kulawa, saboda ruwan da ke fantsama daga ƙasa yana zaizaye shi har katanga ta rasa mazauni. Kasancewar masana'antar siminti a Malbaza ta sa wasu masu gidaje suna shafe bangon laka da siminti suna zaton sun huta ke nan, amma siminti ba ya kama laka sosai, ruwa yakan bi ta tsaga ya taru a bayansa, bango ya ruɓe a ɓoye. Masallacin Yama da ke ƙasar Illela, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya kuma sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, shaida ne cewa laka tana daɗewa idan ba a daina kula da ita ba.

Watan Mayu na ƙananan ayyuka ne: a share indararo, mazurarin da ke fitar da ruwa daga kan soro, a ƙara ƙusa a rufin kwano kafin guguwar farkon damina, a yashe magudanar tsakar gida, a kwashe masai.

Abin da ya rage shi ne kuɗi, kuma nan ne zumunci yakan ɓaci. Adalci shi ne mai gida ya ɗauki nauyin rufi da bango da masai, ya riƙa ware wani kaso na haya kowane wata domin su, ɗan haya kuma ya ɗauki shara da sanar da duk ɓarnar da ya gani da wuri. Idan ɗan haya ne zai yi gyaran a cire daga kuɗin haya, ya kamata a tsayar da adadin a gaban shaidu kafin magini ya soma aiki.