Mota bashe: mi ya sa wutar batir take hawa tana sauka?

A ƙauyukanmu mota bashe, wadda wasu ke kira a-kori-kura, ba abin ado ba ce. Ita ke kai gero da wake kasuwa, ita ke ɗauko albasa daga garake. Ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Idan wutarta ta lalace a cikin daji, kaya suna iya ɓaci, rai ma yana iya salwanta. Saboda haka ya kamata mai mota da direba su san wannan ciwo da maganinsa.

Alamomin ciwon

Fitilu suna haske, can sai su dushe, can kuma su dawo. Jar fitila mai hoton batir tana ƙyaftawa a gaban direba. Allurar awon wuta ba ta tsayawa wuri ɗaya. Da safe mota ta ƙi tashi sai an tura ta.

Yadda wuta take aiki

Batir kamar rumbu ne: ajiya yake yi, ba ya noma. Mai noman wutar shi ne alternatar, wanda wasu ke kira dinamo. Inji ne ke juya shi ta hanyar wata igiyar roba da makanikai ke kira kurwa. Akwai kuma regilatar, ƙaramin abu mai tsare awo, domin kada wuta ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Idan ɗaya daga cikinsu ya samu matsala, ko wayar da ta haɗa su ta saki, sai wuta ta riƙa hawa da sauka.

Awo kafin saye

Kada a gaggauta sayen sabon batir. A fara aunawa. Ana awon ƙarfin wuta da bolt, kuma masu gyaran wutar mota suna da na'urar awon. A ɗora jar waya a kan alamar (+), baƙar waya a kan alamar (-).

Inji a kashe, bayan mota ta huta: cikakken batir yana nuna bolt 12,6. Idan ya nuna 12,2, rabin ajiyarsa ya tafi. Ƙasa da 12, ya kusa ƙarewa.

Lokacin tada inji: kada awo ya faɗi ƙasa da bolt 10 ko kusa da haka. Idan ya faɗi sosai alhali an cika shi, batir ya tsufa.

Inji yana aiki: awo mai kyau yana wajen bolt 14, kuma ya tsaya cik ko an kunna fitilu. Ƙasa da 13, alternatar ba ya cika batir. Sama da 15, regilatar ya lalace, yana dafa batir. A nan ne ake jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Wasu motocin zamani masu kwamfuta suna rage wuta su ƙara da kansu, domin tattalin mai. A gare su, ɗan hawa da sauka ba ciwo ba ne, muddin jar fitila ba ta kama ba.

A fara da abu mai sauƙi

1. Kawunan batir. Hanya mai gargada tana sassauta su. A kama kowane ɗaya a murɗa da hannu: idan ya motsa, ga ɓarawon nan. Idan farin gari ko shuɗi ya taru a kansu, a kwance su, a wanke da ruwan kanwa, a kankare har ƙarfe ya yi haske. Kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir, domin yana kashe ƙarfin ruwansa. A ɗaure sosai, sa'an nan a shafa ɗan giris.

2. Wayar jiki. Wannan ita ce baƙar waya mai kauri da ta tashi daga (-) zuwa jikin mota da inji. Tsatsa ko sakin noti a wurin yana sa wuta rawa, kuma sau da yawa ana mantawa da ita.

3. Kurwa. A kashe inji, a danna tsakiyarta da babban yatsa. Idan ta lotsa fiye da santimita ɗaya, ta yi sako-sako, a ja ta. Idan ta tsattsage, ko tana ƙara lokacin da aka taka mai, a sake ta.

4. Ruwan batir. Zafin watan Afrilu da Mayu yana shanye shi. Idan batir mai marufai ne, a buɗe ɗakunansa 6, a duba ko ruwa ya rufe farantan ciki. A ƙara tataccen ruwan batir kawai. Ruwan rijiya yana da gishiri mai kashe batir. Kada a ƙara asid.

5. Mazaunin batir. A ɗaure shi kada ya riƙa tsalle, domin girgiza tana karya farantansa.

Idan duk waɗannan suna lafiya amma awo bai tsaya ba, ciwon yana cikin alternatar. Galibi gawayinsa ne ya cinye, ko regilatar ya gaji. Waɗannan ana sake su ba tare da an sayi sabon alternatar ba. Wannan aikin mai gyaran wuta ne.

Hattara

Wasu suna cire kan batir inji yana aiki, wai su gwada alternatar. Wannan kuskure ne: wuta tana iya yin tsalle ta ƙone alternatar ɗin da kwamfutar mota. Wajen kwance batir, a kashe inji, a fara cire (-). Wajen mayarwa, (-) ce ta ƙarshe. Kada a sha taba ko a ƙyasta ashana kusa, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta.

Ruwan batir yana ƙone fata. Idan ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15 ko fiye, sa'an nan a tafi asibiti nan da nan.

Tsohon batir cike yake da dalma, ita kuwa guba ce, musamman ga yara. Tsakanin 2007 da 2008, a wata unguwa kusa da Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 sun mutu saboda dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a unguwarsu. Kada a fasa shi a gida, kada a bar shi inda yara ke wasa ko kusa da rijiya. A mayar da shi wurin masu saye.

Ƴan uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane mako, tun kafin ranar kasuwa, a buɗe gaban mota a duba kawunan batir, wayar jiki, kurwa da ruwa.