Christian Okoye da mafarkin ƙwallon Amurka

Tun da hukumar ƙwallon Amurka ta NFL ta fara kawo sansanonin zaƙulo matasa Afirka, daga Accra a 2022 zuwa Nairobi a 2023 da Legas a 2024, wata magana ta shiga bakin samari a majalisu da wayoyi. Wai ƙwallon Amurka ba ya buƙatar gwaninta, in dai Allah ya ba ka ƙirar jiki to ka haye, jami'a kyauta, daloli kuma sai ka ture. Da ka yi musu sai a kawo maka sunan Christian Okoye, mutumin Enugu da bai taɓa wasan ba sai da ya kai shekara 23, ya kuma zama gwarzo. Labarin gaskiya ne, amma rabinsa ake faɗa.

An haifi Okoye a 1961. Ƙwallon ƙafa irin tamu ya fara bugawa, daga baya ya koma wasannin guje-guje da jefe-jefe. A 1982 ya tafi jami'ar Azusa Pacific da ke jihar Kalifoniya, inda ɗan tseren Najeriya Innocent Egbunike ya riga shi zuwa. Jifan faifai ne ya kai shi can, kuma a jifan faifai da dalma da guduma ya lashe gasar ƙasa ta ƙananan jami'o'i har sau 7. Wanda ake cewa daga sama ya faɗo cikin wasa, ya shafe shekaru yana ɗaga ƙarfe yana horo safe da yamma a hannun masu koyarwa. Nauyinsa ya kai kilo 115, amma yana cinye yadi 40 cikin ƙasa da daƙiƙa 4 da rabi. Ƙato mai irin wannan gudu, ko a Amurka sai an tona.

Abin da ya juya shi zuwa ƙwallon Amurka takaici ne. A 1984 an yi gasar Olamfik a Los Angeles, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba daga makarantarsa, amma jami'an wasanni na Najeriya ba su sa sunansa cikin tawaga ba. Ransa ya ɓaci, ya nemi a gwada shi a ƙungiyar makaranta. Haka muka yi asarar majefi, Amurka ta samu ɗan wasa, kuma har yau irin wannan sakaci bai bar ofisoshin wasanninmu ba.

A can, jami'a ita ce ƙofar shiga wasan ƙwararru. Dokar NFL ta ce sai yaro ya cika shekara 3 da gama sakandare kafin ƙungiya ta ɗauke shi, kuma galibi a filin jami'a yake cinye waɗannan shekaru, yana wasa yana zuwa aji, don in makinsa ya faɗi ƙasa za a dakatar da shi. Duk shekara ƙungiyoyi 32 na zama su zaɓi sababbin 'yan wasa a zagaye 7, mutum 250 da 'yan kai ke nan. Ƙididdigar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta nuna waɗanda ke tsallakewa daga jami'a zuwa NFL ba su kai 2 cikin 100 ba, kuma yawancinsu yaran da suka tashi da wasan ne tun suna firamare. Okoye ya shiga cikin waɗannan 'yan tsiraru a 1987, lokacin da Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu, shi ne mutum na 35.

Aikinsa a fili shi ne a danƙa masa ƙwallo a ciki, ya rungume ta, ya sunkuyar da kai ya kutsa tsakiyar ƙarti masu jiran su kayar da shi. Wani lokaci yadi 3 kacal zai ci kafin mutum uku ko huɗu su danne shi, ya tashi, a sake jeri, a sake miƙa masa. A kakar 1989 an miƙa masa ƙwallo sau 370, ya ci yadi 1,480, ya fi kowa a NFL, ya wuce mai bi masa, Barry Sanders, da yadi 10. A lokacin ne laƙabin Nigerian Nightmare ya bi shi ko'ina. Sai dai kusan kowace miƙawa karo ce, kuma gwiwa ba ƙarfe ba ce. Kakar 1992 ita ce ta ƙarshe gare shi. Shekara 6 ya yi, ya tara yadi 4,897, ya kai ƙwallo gida da gudu sau 40, ya bar fili yana ɗan shekara 31. Da haka ma ya fi yawancin takwarorinsa daɗewa, domin ƙungiyar 'yan wasan ta daɗe tana cewa matsakaicin zaman mutum a NFL shekara 3 ne da ɗan ɗori. Kwantiragin da ake yaɗa adadinsa a Facebook kuwa, sau da yawa wani kaso ne kawai aka lamunce. In aka sallami mutum, sauran ya bi ruwa.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta hular kwano. Ana ganin ɗan wasa cikin hula da sulken kafaɗa sai a ce ai babu abin da zai same shi. Hula ƙoƙon kai take karewa daga fashewa. Ƙwaƙwalwa kuwa a cikin ruwa take shawagi. Ka naɗe ƙwaryar nono da tsumma ka girgiza ta da ƙarfi, ƙwarya ba za ta tsage ba, amma nonon ciki ya gama dukan gefe da gefe. Haka ƙwaƙwalwa ke bugun ƙashi a duk karo, har da ƙananan da ba sa sumar da mutum, kuma su ne ke taruwa shekara da shekaru.

Wanda ya fito da wannan fili ma ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, wanda ya karanta likitanci a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. A 2002, a birnin Pittsburgh, ya binciki gawar Mike Webster, tsohon ɗan wasan Steelers da ya rasu yana da shekara 50 bayan fama da mantuwa da rikicewar tunani. Ya samu ƙwaƙwalwar ta lalace irin yadda ake gani a tsofaffin 'yan dambe, ya wallafa sakamakon a 2005, cutar da ake kira CTE. Likitocin NFL suka nemi a janye rahoton. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111, suka samu cutar a 110. Iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka ba da yawancin ƙwaƙwalen, don haka ba a cewa kowane ɗan wasa haka zai ƙare. Amma uban da zai sa hannu a takardar ɗansa ya kamata ya ji wannan adadi kafin ya ji na albashi.

Ba hana yara nake yi ba. Hanya tana nan ta gaskiya: tun 2017 NFL ke da shirin ɗauko 'yan wasa daga ƙasashen waje, kuma Osi Umenyiora, wanda ya ci kofin Super Bowl sau 2 da New York Giants, ya buɗe wa matasan Najeriya ƙofa ta nan, wasu sun kai ga ƙungiyoyi. Ta sanannun hanyoyi irin wannan ake bi. Duk wanda ya ce a turo masa kuɗin fom ta waya zai samo gurbi a jami'ar Amurka, a tambaye shi sunan makarantar da na kocin, a rubuta musu kai tsaye kafin a sayar da ko akuya.

Akwai kuma nau'in wasan da ba a karo, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun abokin hamayya maimakon a kayar da shi, kuma an sa shi cikin gasar Olamfik ta 2028. Ba ya cin hula ko sulke, fili da ƙwallo kawai yake so, maza da mata duk suna yi. Makarantun sakandarenmu na Kano da Katsina da Sakkwato suna da filaye, da yawa ciyawa ta cinye su, wasu an yanka an yi shaguna. Ma'aikatun ilimi da na wasanni za su iya farawa da share su da maido da gasar makarantu, inda malami zai riƙe agogo ya auna gudun yaro da nisan jifansa ya rubuta a littafi.