Kamarar tsaro mai aiki da intanet: abin da ya kamata a sani kafin a kafa ta

A ƴan shekarun nan, wanda duk ya shiga banki, ko gidan mai, ko kantin magani a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, in ya ɗaga kai sai ya ga wata ƴar na'ura maƙale bisa bango tana kallon ƙofa. Ita ce kamarar tsaro. A da sai manyan ma'aikatu ke iya sayenta. Yau kuɗinta ya sauka, har mai kanti da shugaban ƙungiyar manoma suna sa ta bisa mangazarsu. Amma sau da yawa, ranar da aka yi ɓarna aka zo duba hoto, sai a tarar babu komi, ko kuma a ga inuwar mutum wadda ba ta isa shaida ba. Galibi laifin yana ga yadda aka kafa ta da yadda aka haɗa ta.

Wannan kamara kwamfuta ce ƙarama mai ido. Tana ɗaukar hoto, ta mai da shi lambobi, ta aika ta cikin kabul zuwa akwatin ajiya, ko zuwa salular mai gida ko da yana wata ƙasa. Kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ne ya fara fito da irinta a shekarar 1996. A 2008 kuma Axis da Bosch da Sony suka kafa wata ƙa'ida mai suna ONVIF, domin kamarar wannan kamfani ta yi aiki da akwatin ajiyar wancan. Mai saye ya duba ko sunan nan yana bisa kwali.

Aikin farko shi ne zaɓen wuri. A kafa ta kamar mita 3 daga ƙasa, inda hannu ba ya kai. In ta yi sama ƙwarai, hula da rawani kawai za ta riƙa nunawa. Kada a fuskantar da ita gabas ko yamma kai tsaye, don rana za ta dushe mata ido safe ko marece. Mutane suna son kamara guda ta ga fili duka, amma wadda ta ga fili duka ba ta gane fuskar kowa. Gara a ba ta ƙofa, inda tilas mai shiga ya bi. Ta waje kuwa a nemi mai alamar IP66, wato wadda ƙura da ruwa ba su shiga cikinta, a sa ta ƙarƙashin inuwa saboda zafin watan Afrilu da Mayu. Lokacin hunturu a riƙa goge gilashinta. Da dare tana aiki da wani haske wanda idon mutum ba ya gani, kuma zaren gizo-gizo guda ɗaya a gabanta ya isa ya mai da hoton fari fat.

Sai maganar kabul da wuta. Hanya mafi kyau ita ce wadda ake rubutawa PoE, wadda aka tsai da ƙa'idarta a 2003: kabul guda ne ke kai wa kamara wuta, shi ne kuma ke komowa da hoto. Tsawonsa kada ya wuce mita 100. A sayi na jan ƙarfe tsantsa, a bi da shi cikin tiyo, don rana da ɓeraye ba su raga masa. Kamara marar kabul ta fi sauƙin kafawa, amma katanga mai kauri tana rage mata ƙarfi, kuma ita ma dai sai an kai mata wuta.

To, wuta fa, kowa ya san halinta. Ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya, garuruwa suka riƙa kwana cikin duhu. Ɓarawo yana son duhu, kamara kuwa in babu wuta gunki ce. Saboda haka kamara, da akwatin ajiya, da akwatin intanet, duk a haɗa su da batir, ko dai ondilar ko na hasken rana. Wanda ya sayi kamara huɗu bai sayi batir ba, da ya sayi biyu ya ƙara da batir da ya fi masa.

Ajiya ma tana son lissafi. Kamara mai matsakaicin hoto, wadda ke aika megabit 2 a daƙiƙa, tana cinye wajen giga 21 a kwana guda. Huɗu ke nan sun ci giga 86. Faifai mai giga 1000 zai cika cikin kwana 11 ko 12, daga nan sabon hoto ya riƙa shafe tsoho. Shugaban ma'aikatar da ba ya ƙidayar kayan mangaza sai ƙarshen wata, ya sani hoton farkon wata ya riga ya tafi. Akwatin ajiyar kuma a kulle shi a wani ɗaki dabam. In yana bisa tebur kusa da ƙofa, da shi ɓarawo zai fara.

Babbar maganar ita ce ta haɗa kamara da intanet, kuma nan ne aka fi sakaci. Kamarori da yawa, musamman masu araha, suna fitowa daga masana'anta da suna da kalmar sirri iri guda, waɗanda kowa zai iya samu cikin littafin da ke rakiyarsu. In aka haɗa ba a sake su ba, tamkar an sa wa ƙofa kwaɗon da kowa ke da mabuɗinsa ne. A 2014 an gano wani shafin intanet mai nuna hotunan dubban kamarori na ƙasashe dabam-dabam, har da na cikin ɗakunan mutane, masu su ba su sani ba. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shiga dubban ɗaruruwan na'urori, da yawansu kamarori da akwatunan ajiya, ta hanyar gwada kalmomin sirri kamar 60 kacal na masana'anta. Da su aka kai harin ranar 21 ga Oktoba na shekarar, wanda ya tsai da manyan shafunan intanet a Amurka na tsawon awoyi.

Don haka tun ranar farko, kafin ma'aikacin ya naɗe tsaninsa, a sake kalmar sirri, a sa doguwa mai haɗa harufa da lambobi. Mai gida ne zai buga ta da hannunsa. Ba zargin kowa ake yi ba, amma mai kafawa yana kafa wa mutane da yawa, salularsa kuma tana iya ɓacewa. A ma'aikata a rubuta sunayen waɗanda aka ba izinin kallo, in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki a soke nasa. In babu bukatar kallo daga nesa, a bar kamarar tana aiki cikin gida kawai, kada a buɗe mata hanyar waje.

A kuma gyara agogonta. Wasu suna zuwa da lokacin ƙasar Sin, wanda ke gaban namu da awa 7. Hoton da ya ce an shiga mangaza ƙarfe 9 na safe alhali ƙarfe 2 na dare ne, zai ba jandarma da alƙali wahala.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Kamarar da ke bisa bene tana iya leƙa tsakar gidan wani, inda iyalinsa ke sha'aninsu, abin da al'adarmu ba ta yarda da shi ba tun kafin a ƙera na'urar. Ƙasarmu ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP domin kula da wannan fanni. Hoton fuskar mutum yana cikin irin waɗannan bayanai. Ma'aikatu da kamfanoni su tuntuɓi hukumomin da abin ya shafa kafin su kafa, su kuma liƙa sanarwa a ƙofa cewa ana ɗaukar hoto. Yawancin kamarori suna da hanyar rufe wani sashe na hoto da baƙi: a nemi mai kafawa ya rufe gefen maƙwabci, a kira maƙwabcin ya duba allon da idonsa.